Ranar da Thaddeus Ya Zare Kuben Tuta

Duk wanda ya zauna Jikwoyi a shekarun da kuɗin mai ya cika Abuja, ake gini ba ji ba gani, ya san wani dogon dattijo mai ido ɗaya, wanda ba ya fita sai wandonsa ya sha guga. Sunansa Thaddeus Wakili. Mutanen unguwa kan ce masa Baba Ambasada, ko da yake bai taɓa zama jakada ba, direban jakadu ne. Idonsa na hagu dutse ne ya fasa shi, a kan titin da ya tashi daga Nyanya zuwa Karshi, ranar da ya karya dokar da ya fi girmamawa a duniya don ya ceci ran maƙwabcinsa.

An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Zonkwa. Ya yi makarantar mishan irin ta da, inda ake jera yara da safe a duba farce da wuyan riga kafin a yi addu'a. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya fito da abu biyu da suka bi shi har kabari, tsabta da tsoron doka. Wani Fada, limamin majami'a, shi ne ya ɗauke shi wankin mota, daga wanki ya koya masa tuƙi a kan hanyoyin jar ƙasa da ke tsakanin majami'un ƙauyuka. Ranar da ya fara sakar masa sitiyari ya ce masa, "Thaddeus, abin nan da ke hannunka ya fi bindiga kisa. Ka riƙe shi da tsoron Allah." Haka ya riƙe shi. Har kansa ya yi furfura bai taɓa take ko kaza ba, kuma yakan faɗi haka da bakinsa, don shi ke nan abin alfaharinsa.

Daga hannun Fada ya tafi Legas, ya sami aiki a ofishin jakadancin wata ƙaramar ƙasa ta Turai, irin waɗanda sai an sa tabarau ake ganinsu a taswira. Da ya daɗe aka ba shi motar jakada. Ita motar jakada tana da wata al'ada da ba kowa ya lura da ita ba. A gabanta ta hannun dama akwai wani siririn ƙarfe a tsaye, inda ake ɗaura tutar ƙasar. In jakada yana ciki, tuta a buɗe take tana kaɗawa. Da zarar ya sauka sai direba ya naɗe ta, ya zura mata kube, kamar yadda ake mayar da wuƙa gidanta. Tuta a buɗe tana nufin ƙasar ce da kanta take wucewa. Direban da ya buɗe ta alhali jakada ba ya ciki, ya yi ƙarya da sunan ƙasa guda, hukuncinsa kuwa kora. Kuben da ya zo da motar na roba ne, bai daɗe ba ya tsage. Thaddeus ya je wurin wani baduku ɗan Kano a Obalende ya sa aka ɗinka na jar fata, yana shafa masa mai kamar takalmin Lahadi.

Abin da ya sa tutar ta shiga ransa, a Legas ya gan shi, zamanin soja. Wata rana da rana tsaka ya ɗauko jakada, suka tarar da shinge a bakin gada. Sojoji sun fito da wani direban bas sun kwantar da shi a kwalta. Ɗaya ya take masa wuya da takalmin but, ya ɗaga gindin bindiga ya buga masa a baki. Haƙora suka zube, jini ya fantsamo har kan gilashin motar Thaddeus. Mutumin yana kakari, sojan ya ƙara masa. Sai ya waiwayo yana haki, idonsa jajur, ya ga tuta. Nan take ya haɗa ƙafa ya sara wa tutar, da hannun da har yanzu jini ke ɗiga daga jikinsa, ya sa aka janye shingen. Da yamma Thaddeus ya tsaya yana wanke jinin wani bawan Allah daga gilashi. Tun daga ranar ya yarda akwai wani ƙyalle a duniya, bai fi tafin hannu biyu ba, da ke iya tsayar da hannun mugu.

Da ofisoshin jakadanci suka tattaro suka dawo Abuja, ya biyo nasa. Jakadu suka sauka Maitama, inda ciyawa ke shan ruwan famfo safe da yamma. Direbobi da masu gadi da masu ba fulawa ruwa suka nemi inda hayar ɗaki ba za ta cinye albashi ba. Thaddeus ya sauka Jikwoyi da matarsa Margaret da 'yarsu Magdalene. Katanga ɗaya ta raba su da wani direban tifa ɗan Katsina mai suna Hafizu da matarsa Lantana. Hafizu yaro ne a kansa, mai surutu da dariya, yana kwasar tsakuwa daga wurin fasa dutse zuwa inda ake gine-gine. Yakan tsokane shi ta saman katanga, "Baba Ambasada, ni nake kawo dutsen da ake gina muku gidajen, amma in na zo ƙofa kare kuke sakar mini." Thaddeus ya ce, "Ka fara wanke wuyanka tukuna, sai mu duba maganarka."

Ranar da ciwo ya kayar da Margaret a tsakar gida, Thaddeus yana Maitama. Hafizu ne ya sauke lodinsa a bakin hanya, ya ɗauke ta a gaban tifa zuwa asibiti, Lantana na riƙe da kanta a cinya. Margaret ba ta tashi ba. Bayan haka tukunyar Lantana ce ta riƙe gidan, ita ta yi wa Magdalene kitso har ta gama sakandare. Thaddeus ba mutum ne mai yawan godiya da baki ba. Ya dai ajiye abin a ransa.

A shekarun farar hula, lokacin wata mace ce jakadiya, ofishin ya ɗauki nauyin wani littafi a kan tarihin hulɗar ƙasarsu da Nijeriya tun daga samun 'yanci. Wanda aka ba aikin shi ne Dakta Umar Farouk, Bazazzage, masanin tarihin hulɗar ƙasashe, yana aiki a wata hukumar tarayya, gidansa a Lugbe. Mutum ne siriri mai sanyin hali, kullum da 'yar rakoda a aljihu. Ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakunan ajiye tsofaffin takardu na Kaduna da Ibadan da Landan, yana bin sawun abin da jakadu suka rubuta wa gwamnatocinsu. Abin da ya rage masa shi ne hira da wani tsohon jakadan Nijeriya da ya yi ritaya ya koma gonarsa a wajen Karshi. Don girmama tsohon, Jakadiya ta ba da motarta, baƙa mai baƙin gilashi. Thaddeus ya naɗe tuta ya zura mata kube, suka kama hanya da hantsi, an yi yayyafi ya ɗauke.

Dakta ya so ya zauna gaba, Thaddeus ya hana. Ya sa shi baya, ta hagu, don kujerar dama ta Jakadiya ce.

"Baba Thaddeus, ai ba ta nan," in ji Dakta yana dariya.

"Kujerarta tana nan, Dakta."

Sun wuce Asokoro, Dakta ya nuna kuben. "Ka san abin nan da kake shafa wa mai, mutane nawa suka mutu kafin a yarda da shi? Da can sarki in ya ji haushin saƙo, kan ɗan saƙon yake sarewa ya aika wa mai shi a ƙwarya. An daɗe ana haka. Sai da kowa ya gaji da binne nasa, sannan ƙasashe suka zauna a Vienna suka sa hannu cewa ba a taɓa jakada, ba a shiga gidansa, ba a binciken motarsa."

"Na ga aikinta da idona," in ji Thaddeus, ya ba shi labarin sojan gada.

Dakta ya girgiza kai. "Ba tutar sojan ya ji tsoro ba, Baba. Ogansa ya ji tsoro, shi ma ogan yana tsoron nasa ogan, har a kai ga wanda ya sa hannu. Tuta ba laya ba ce. Alkawari ce. Tana aiki ne a wurin wanda aka yi alkawarin da shi. Na karanta labarin ofisoshin jakadanci da aka ƙone da tutarsu a sama."

"A takarda ka karanta."

"A takarda na karanta," Dakta ya amsa, bai ji haushi ba. "Kai ma zan zo in ɗauki muryarka. Jakadu shida ko bakwai ka tuƙa, ka san abin da ba su rubuta ba."

"Direba ba ya ji, Dakta. Kunnensa na kan inji."

Suna gangarowa Jikwoyi suka hango hayaƙi. Motoci na juyowa a guje, wasu da fasasshen gilashi. A lokacin an hana 'yan acaɓa shiga cikin birni, duk sun taru a garuruwan gefe, kowace mararraba cike take da su. Thaddeus ya rage gudu, ya leƙa. Wata tifa ce ta faɗa kwata tana ci da wuta. Birkinta ya tsinke a gangara, ta bi ta kan wani ɗan acaɓa da matar da ya ɗauko. An rufe gawarwakin da zani, amma zanin bai kai ba, ƙafar matar na waje, takalminta ɗaya can gefe. Tsakuwar da tifar ta ɗauko ta zube ta rufe rabin titi, kowa ya ɗebi tasa.

Ya gane tifar kafin ya gane mutumin. A tsakiyar taron ana jan wani a ƙasa ta ƙafa, kansa na bugun kwalta. Wani ya maka masa katako a haƙarƙari, wani ya sare shi da adda a kafaɗa. Aka tayar da shi zaune, aka zura masa tsohuwar taya a wuya. Wani ya cire bututun babur ɗinsa ya tsiyayi fetur a gora, ya zazzaga masa daga ka. Fuskar ta kumbura ta yi jina-jina, amma Hafizu ne. Can gefe mata sun rirriƙe Lantana, ba ɗankwali, tana ihu, "Birki ne! Wallahi birki ne! Ku ji tsoron Allah!"

"Ashana! Wa ke da ashana?"

"Burn am! Ƙone shi!"

Mai shayin da ke bakin mararrabar ya ɗauke tasa ashanar ya gudu da ita. Wannan ne kawai ya ba Hafizu sauran numfashi.

Dakta ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, juya mu kira 'yan sanda."

"Kafin su zo ya zama gawayi. Maƙwabcina ne."

Thaddeus ya buɗe ƙofa ya fita. Ya zagaya gaban motar ba gaggawa, kamar yadda yake yi kowace safiya a Maitama. Ya kwance igiyar kuben, ya zare shi, ya sa a aljihu. Ya warware tutar ya miƙar da ita da yatsa. Ya dawo ya zauna, ya gyara hularsa ta aiki.

"Dakta, koma kujerar dama. Kada ka sauke gilashi, kada ka buɗe ƙofa, kada ka yi magana. Babba ba ya buɗe ƙofa da kansa. Ko me ka gani, ka zauna."

"Baba, za su kore ka."

"Koma dama, Dakta."

Ya kunna fitilu duka, ya danna hon bai saki ba, ya nufi taron a hankali. Mutanen Abuja sun saba da motocin manya. Sun san baƙar mota mai tuta ba ta tafiya ita kaɗai, a bayanta akwai masu bulala da bindiga. Na gefe suka fara ja da baya. Wasu suka saki duwatsunsu, wasu suka waiwaya suna neman motar rakiya. Hanya ta buɗe har gaban Hafizu.

Thaddeus ya fito cikin fararen kayansa, ya ɗaga murya da Turancin mishan, sannan ya maimaita da Hausa. "Excellency na son ganin mutumin nan. Ku matsa."

Suka matsa. Ya sunkuya ya cire tayar daga wuyan Hafizu ya jefar. Warin fetur ya buge shi. Ya zura hannu a hammatarsa ya ɗaga shi, jini na zuba a kan farar rigarsa. Hafizu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Baba," Thaddeus ya ce, "Rufe bakinka." Yana jansa zuwa mota, ƙafafun Hafizu na jan ƙasa. A ransa Thaddeus ya ce, Dakta ya gani yanzu.

Amma Hafizu mutum ne mai nauyi, Thaddeus kuma ya tsufa. Daf da mota gwiwarsa ta lanƙwashe, suka faɗi tare. Dakta yana kallo ta baƙin gilashi. Mutum ne da aka rena a gidan da ba a ganin dattijo a ƙasa a zauna. Bai san lokacin da ya buɗe ƙofa ya fito ba, rakoda ta faɗo daga cinyarsa, ya kama Hafizu yana cewa, "Sannu, bawan Allah, sannu. Baba, kama ƙafar."

Taron ya ga wanda ke cikin motar. Ba Bature, ba mai kaki, wani siririn malami ne da babbar riga da takalmin fata.

"Kai! Wannan ai Bahaushe ne!"

"Ba escort! Babu kowa a bayansu!"

Sai wani ya ce, "Baba Ambasada ne! Gidansu ɗaya da mai tifar! Wayo ne!"

Wani ya samo ashana. Suna cikin tura Hafizu kujerar baya aka cillo ta, rigarsa ta kama. Wuta ta tashi daga kafaɗa ta zagaye wuyansa, inda tayar ta tara fetur. Ihun da ya yi, waɗanda suka ji sun ce ba su ƙara jin irinsa ba. Dakta ya tuɓe babbar rigarsa ya faɗa kansa a cikin motar, yana dannewa da hannu, fatar tafinsa na saɓulewa. Thaddeus ya banko musu ƙofa. Yana zagayowa tsakuwa ta fara sauka kamar ƙanƙara. Ɗaya ta fasa masa leɓe. Wani ya doke shi da sanda a gadon baya. Ya kama marfin ƙofarsa ke nan dutse mai kaifi, girman dunƙulen hannu, ya same shi a idon hagu. Ya ji abu ya fashe a cikin kansa, ruwa mai ɗumi ya gangaro masa har cikin wuyan riga. Bai faɗi ba. Ya shiga ya kulle.

Suka rufe motar ta ko'ina. Ana dukan gilashi da katako, ana girgiza ta za a kifar. Gilashin baya ya tarwatse, hannuwa suka shigo suna laluben Hafizu, Dakta na tunkuɗe su da gwiwar hannu. Wani ya hau saman motar, Thaddeus ya ji fetur na gangarowa ta gilashin gaba.

A gaban motar kuwa wani saurayi ya tsaya. Thaddeus ya san shi, Sale ne, ɗan acaɓa, ya sha kai shi bakin titi da safe. Ƙanen ɗan acaɓan da tifar ta kashe ne. Hannunsa ɗaya ya dafa bonet, ɗayan ya fizge tutar ya yaga ta ya goge hawaye da majina da ita. Ba dutse a hannunsa. Kuka kawai yake yana cewa, "Sai dai ka bi ta kaina, Baba. Ba za a fita da shi ba."

Thaddeus ya danna hon. Ya ɗan sauke gilashi ya ce, "Sale, ɗana, matsa. Don girman Allah, matsa."

"Ka bi ta kaina!"

"Baba, za su kunna! Tafi!" in ji Dakta daga baya.

Da idon da ya rage masa ya ga wani yana ƙyasta ashana, ta mutu, yana zaro wata. Ya tuna Fada. Ya ce, "Yesu, ka yi mini jinƙai." Ya taka mai.

Motar jakada tana da nauyi. Ya ji ta ɗaga ta dama, ta sauka, ya ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Na saman ya wuntsilo. Taron ya watse ya sake haɗuwa a bayansu, duwatsu na bin su. Bai tsaya ba sai ƙofar asibiti, yana tuƙi da kai a karkace don ya ga hanya, siririn ƙarfen nan na gaba tsirara da ɗan guntun ƙyalle a jikinsa.

Hafizu ya rayu. Ya daɗe a kwance, ya tashi da tabo zagaye da wuyansa kamar an sa masa sarƙa, hannunsa na dama kuma bai ƙara ɗaguwa sosai ba. Yatsun Dakta biyu suka manne. An cire wa Thaddeus ido. Sale kuma, a wani asibiti dabam, aka yanke masa ƙafa daga gwiwa.

Jakadiya ta zo duba shi da furanni. Mace ce mai kirki, ta riƙe hannunsa ta yi hawaye. Da za ta tafi ta tambaye shi abu ɗaya, ko tutar a buɗe take. Ya ce a buɗe take, shi ya buɗe ta. Ba a kira abin kora ba, aka ce ritaya, don ko ba komai mai ido ɗaya ba ya tuƙa jakada. An yi musayar takardu tsakanin ofisoshi, an nuna takaici a kan abin da ya sami motar da tutar, an gode wa juna. Maganar ta mutu a nan.

Da ya sami ƙafa, Thaddeus ya goge wandonsa ya tafi caji ofis da kansa, ya ce ya zo ne a kan yaron da ya take. Jami'in da ya tarar ya dube shi, ya dubi bandejin. "Baba, wane mota?" Ya faɗa masa. Jami'in ya rufe littafinsa. "Ah, wannan mota ba namu ba ne. Diplomatic ne. Ba mu taɓa shi. Ka tafi gida ka huta, oga."

Ya gaya wa Dakta wannan ranar da ya zo gaishe shi. Dakta ya ce, "A doka, Baba, kai ba ka da wannan kariya. Ta Jakadiya ce da motarta. Amma wa zai so ya tono?"

"Wato a wurin Sale tutar ba ta yi aiki ba, a wurin 'yan sanda ta yi."

"Su aka yi alkawarin da su." Dakta ya dubi hannuwansa. "Da na zauna yadda ka ce, da mun fita lafiya."

"Da ka zauna, da ba ni da ƙarfin ɗaga shi. Bar maganar, Dakta."

Littafin ya fito, mai kauri, da hotunan jakadu suna musabaha. Dakta ya kawo masa ɗaya, ya kuma zo da rakoda, ya ce yana so ya rubuta wani a kan direbobi da masu gadi da kuku na ofisoshin jakadanci. Thaddeus ya ba shi labarin Legas, da na Fada, da yadda ake naɗe tuta. Da aka zo ranar Jikwoyi ya ce a kashe na'urar. Ya ce in ana son wannan, a je mararraba a tambayi Sale.

Sale yana nan a mararrabar, a ƙarƙashin laima, yana sayar da fetur a kwalabe, sandunansa a jingine. Kowace safiya Thaddeus in zai tafi majami'a sai ya bi ta gabansa, ko da yake akwai hanyar da ta fi kusa. Ya tsaya, ya cire hula, ya ce, "Ina kwana, Sale." Sale ya kawar da kai. Abin da Thaddeus ya aika masa ta hannun mutane, ya mayar. Shekaru suka wuce a haka, bai taɓa amsawa ba, Thaddeus kuma bai taɓa fasa tsayawa ba. Magdalene ta ce, "Baba, ka bar wulaƙanta kanka." Ya ce, "Ƙafarsa ce, Magdalene. Yana da iko."

Hafizu bai iya zama Jikwoyi ba. Ya kwashe Lantana da yara suka koma Lugbe, ya kama sayar da buhunan siminti a shagon wani ɗan garinsu. Ya rantse shi da sitiyari har abada, ko gaban mota ba ya zama. Amma duk Kirsimeti sai ya zo da zakara a hammata, rawani naɗe a wuyansa ko ana zafi, ya tsaya ta inda katangar take ya ce, "Baba Ambasada, na wanke wuyan, a buɗe mini ƙofa." Thaddeus ya ce, "Da sauranka."

Thaddeus ya rasu da damina, a kan kujerarsa, bayan ya dawo daga majami'a. Ya bar wasiyya a kai shi gida a binne shi kusa da Margaret. Aka ɗauko hayar wata bas, aka cire kujerun baya aka sa akwatin. Direban bas ɗin wani matashi ne mai gaggawa, tun kafin a gama addu'a yake wasa da totur. Hafizu ya tsaya yana kallonsa. Can ya je ya miƙa masa hannu ya ce, "Kawo makullin. Ba a tuƙa wannan mutumin haka."

Lantana ta ce, "Malam, ka tabbata?"

Hafizu ya buɗe ƙofar direba. Ya hau, ya kama sitiyari da hannun hagu, ya ɗora na daman da ƙyar. Magdalene ta zauna kusa da shi, kuben jar fata a cinyarta, don a aljihun rigar Lahadin babanta ta same shi. Suka fito daga unguwa a hankali. A mararraba Hafizu ya taka birki, ya gwada shi, ya sake gwadawa. Sale yana ƙarƙashin laimarsa, ya ga akwatin, ya ga mai tuƙin. Bai tashi ba, amma bai kawar da kai ba, ya bi motar da ido har ta sha kwana. Hafizu ya kama hanyar Keffi. Motoci na ta danna masa hon suna wuce shi, bai ƙara gudu ba har Zonkwa.